Mu da Son Allura

Jama'a, mu Hausawa akwai son allura. A nan Sabha, in likita ya ba mutum ƙwayoyi sai ya ga kamar ba a duba shi ba, ya tafi neman mai soka masa a unguwa.

To, mu tuna Bangazi. A 1998 aka gano yara fiye da 400 sun kamu da ƙanjamau a asibitin yara, aka ɗora laifin kan nas-nas 'yan Bulgeriya. Amma binciken da mujallar Nature ta buga a 2006 ya nuna cutar tana yawo a asibitin tun kafin zuwansu. Masana suka zargi rashin tsabtar kayan aiki. Asibiti ke nan fa, balle mai allurar lungu!

In allura ta zama dole, ka tabbata an ɓare sabon sirinji a gabanka.