Kada ka yarda a danne maka kontakta da tsinke



Yau ba maganar rigakafi ko farashin masara zan yi ba. Maganar akwatin wutan nan ce da ke jikin injin niƙa abinci ko famfon kududdufin kifi.

A cikinsa akwai wani abu da ake kira kontakta. Shi ke haɗa wa mota wuta idan ka danna koren maɓalli, shi ke yankewa idan ka danna ja. A wata gona da na yi aiki bayan na gama makaranta, injinmu ya riƙa mutuwa da kansa. Mai gyara ya zo, ya cusa tsinke ya danne kontaktan, ya ce an gama. Ba a yi sati biyu ba layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke, mota ta ƙone. Muka koma sayen abincin buhu da tsada.

Ni a ganina wannan ba gyara ba ne. Idan kontakta ya ƙi kamawa, akwai dalili, sai a nemo shi:

1. Idan yana kakkarwa, a auna wuta. Kwail ɗinsa na buƙatar aƙalla kashi 85 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Wutar NEPA mara ƙarfi ko ƙaramin janareta kan jawo haka.
2. Idan obalodi ne ke yankewa, mota ce ta sha kaya: ko rariya ta toshe, ko boris ya ci.
3. Ƙurar dusa, tururuwa da tsaka na shiga ciki su hana shi rufewa.
4. Idan ka danna ja inji bai tsaya ba, bakin kontaktan ya narke ya manne. A canza shi kawai.

Wani zai ce kaji ba sa jiran mai gyara. Gaskiya ne. To ajiye sabo guda ɗaya, kuɗinsa bai kai na naɗa mota ba. Kuma ka tuna, ranar da hannun yaronka ya maƙale a inji, jan maɓallin nan ne zai cece shi. Idan an danne da tsinke, ba zai yi aiki ba.

A kashe wuta daga tushe kafin a buɗe akwatin, a kira wanda ya san aikin.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.