Wuni A Asibiti, Kwana A Gida

Idan ɗan magidanci ya faɗa shaye-shaye a birni kamar Ikko ko Ibadan ko Kaduna, hanya biyu galibin iyaye suka sani: ko su ɓoye shi a ɗaki saboda kunya, ko su miƙa shi wani gidan horo inda ake ɗaure mutane da mari. Ƙarshen hanya ta biyu ya bayyana a watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 suka yi amfani da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya zame musu ciwo. Ko an haɗa gadajen asibitocin ƙwaƙwalwa na Yaba da Aro da Barnawa da Kware, ba za su ɗauki wannan taro ba.

Akwai hanya ta uku, wato jiyya ba tare da kwanciya ba. A Amurka an kasa ta gida-gida. Wanda cutarsa take matsakaiciya yakan je asibiti aƙalla awa 9 a mako don ganin likita da zaman nasiha tare da 'yan'uwansa masu jiyya. Wanda tasa ta yi tsanani yakan wuni can, awa 20 ko fiye a mako, ya koma gida da maraice. Ta haka leburan tasha bai rasa abincinsa ba, ɗalibi bai bar makaranta ba, iyali kuma suna cikin jiyyar.

Kada wani ya ce dabarar Turawa ce. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan tsari a Aro, Abeokuta, don masu taɓin hankali: majiyyaci ya sauka a ƙauyen da ke kusa tare da ɗan'uwansa, ya wuni asibiti, ya kwana cikin jama'a.

Gaskiya ne ba kowa wannan hanya ta dace da shi ba. Wanda barin barasa ke jefa shi farfaɗiya, ko wanda gidansu nan ne matattarar ƙwaya, dole ya kwanta tukuna. Likita ne zai tantance, ba maƙwabci ba.

Saboda haka ya wajaba gwamnatocin jihohi su buɗe sashen jiyyar wuni a kowane babban asibiti, da ma'aikata masu jin harshen majiyyaci, su kuma sanar da wurin a rediyo da masallatai da majami'u. Iyaye kuwa su fara da asibitin gwamnati mafi kusa ko ofishin NDLEA, su tambaya sarai: akwai jiyya ba kwanciya? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.