A San Tsiron Bakin Tafki Kafin A Fara Gyara

Duk wanda ya san Tafkin Nguru da fadamun Haɗejiya ya san kacala. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, kuma inda ta kafa gindi ba ta barin wani tsiro ya sha iska. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana masunta wucewa da kwalekwale. A cikinta ne kuma jan baki ke kwana, gari na wayewa ya faɗa wa hatsi.

Me ya kawo haka? A da, ruwa yakan cika fadama da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Kacala ba ta son wannan. Amma bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai aka riƙa sakin ruwa har da rani. Ruwa marar zurfi ya zauna shekara cur, kacala ta sami abin da take so.

Mu a ganinmu, kuskure ne a fara gyara ba a san abin da ke wurin ba. Tilas ne kowane ƙauye na bakin tafki ya yi ƙidayar tsironsa. Ba aiki ne mai wuya ba. A kafa turaka a jere daga tudu zuwa cikin ruwa, a rubuta abin da ke tsiro tsakaninsu: bado, giyayya, bagaruwa, goruba. A koma wurin kowace shekara, da kaka da kuma bazara. A tafi da dattawa da mata masu saƙar kaba, gama su ne suka san abin da ya ɓace.

Sa'an nan a yi gayya. A yanke kacala a ƙarƙashin ruwa, domin idan ruwa ya rufe kututturen, saiwa ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Ƙona ta a kan busasshiyar ƙasa ba ya kashe saiwar.

A shekarar 2000 an sa Tafkin Nguru cikin fadamun da yarjejeniyar Ramsar ke kiyayewa. Amma takarda ba ta yanka ciyawa. Masu unguwa, ku sa ranar ƙidaya tun kafin ruwan bana ya janye.