Ba Ƙuri'arsa Suke Saye Ba

Duk sanda wani ɗan majalisar Amurka ya kaɗa ƙuri'ar da ta yi wa kamfanonin mai ko masu ƙera bindigogi daɗi, sai a zaro sunayen waɗanda suka ba shi gudummawar yaƙin neman zaɓe, a ce ai ga shi nan, an saye shi. Zancen yana da daɗin ji, amma lalacin tunani ne. Attajiran ma ba sa ƙin sa, domin yana sa a tsare ƙofar da ba ta nan suke shigowa ba.

Ɗan majalisar da ya fito daga karkarar Texas ba sai NRA, ƙungiyar masu kare haƙƙin mallakar bindiga, ta biya shi ba kafin ya ƙi dokar taƙaita mallakar bindiga. In ya kauce, mutanen mazaɓarsa ne za su kayar da shi. Kuɗin ƙungiyar ya bi shi ne don dama nata ne. A 2003 masani Stephen Ansolabehere da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin bincike kusan 40 a kan wannan batu, suka tarar a mafi yawan lokuta gudummawar ba ta sauya ƙuri'a.

To, me suke saye? Kunnensa da lokacinsa. Joshua Kalla da David Broockman sun wallafa wani gwaji a 2016: wata ƙungiya ta nemi ganawa da ofisoshin 'yan majalisa 191. Wasu aka ce musu 'yan mazaɓa ne ke tafe, wasu aka ce masu ba da gudummawa ne. Jin an ambaci gudummawa, damar ganin ɗan majalisar ko manyan ma'aikatansa ta ninka sau uku zuwa huɗu.

Ainihin cinikin kuwa a kwamiti ake ƙulla shi, inda ake cusa sakin layi ɗaya, a soke wani, ko a kwantar da ƙuduri har ya mutu ba a kai shi zaure ba. A dubi dokar magunguna ta shirin inshorar lafiya na Medicare ta 2003, wadda ta haramta wa gwamnati yin ciniki da kamfanoni a kan farashin magani. Billy Tauzin, shugaban kwamitin makamashi da kasuwanci, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har ta wuce. A 2005 ya zama shugaban PhRMA, ƙungiyar kamfanonin magungunan. Wannan kujera ba ta cikin kowane rahoton gudummawa. Haramcin bai fara sassauta ba sai 2022.

Ɗan jaridar da ke son kama ɓarnar kuɗi a majalisa ya rage ƙirga ƙuri'u. Ya binciko wanda ya rubuta sakin layin, da wanda aka gana da shi kafin a rubuta, da inda ɗan majalisar ya sami aiki bayan ya sauka.