Littafin Gyaran Babur Ba Na Bakanike Kaɗai Ba Ne

Sanin kowa ne cewa yawancin masu babur da kunne suke gyara. Idan inji ya fara ƙara sai a ɗauko sufana, a ɗaure nan, a sassauta can, har ƙarar ta lafa. Alhali kuwa kamfanonin ƙera babura suna wallafa littafin gyara, wanda ya ƙunshi zanen sassan injin da ma'aunin kowane ɗaya. Bai kamata wanda ya iya karatu ya taɓa injinsa ba tare da shi ba.

A ɗauki Honda CG125, wadda aka fara sayarwa a 1975. An ƙera ta ne domin ƙasashen da ba a cika kula da canza baƙin mai ba, amma duk da juriyarta, littafin ya ce ratar bawul ta zama milimita 0.08, a kuma auna ta injin yana sanyi. Wannan rata ba ta wuce kaurin gashin kai ba. To, me ya sa sai da sanyi? Ɗalibin kimiyya ya san ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. Idan ratar ta yi kaɗan, bawul zai daina rufewa sosai da zarar inji ya ɗumama, ya kasa miƙa zafinsa ga kan silinda, a ƙarshe ya ƙone. Kunne kuwa yaudarar mutum yake yi a nan, domin bawul ɗin da aka matse shi ne ya fi yin shiru.

Haka batun ɗaure filogi yake. Kan silinda na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi, ƙarfin hannu kaɗan ya isa ya cinye zaren ramin.

Wasu za su ce littattafan da Turanci suke, kuma gwanin bakanike ya fi takarda. Akwai gaskiya a ciki: buɗe cikin inji aikin gwani ne mai kayan aiki. Amma canza mai, wanke matatar iska da daidaita sarƙa ba su fi ƙarfin ɗan sakandare ba, muddin littafin na samfurin babur ɗinsa ne, ba na mai kama da shi ba. Matsalar harshe kuwa, malaman fasaha suna iya fassara shafukan ma'auni zuwa Hausa, su koyar da buɗewar ƙarfe a kan injin gaske maimakon allo.