Zuwa ga masu gyaran kwamfuta na Sakkwato da ke hulɗa da Sabon Birni da Isa



Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuka shiga ɗora wa kowace kwamfuta Windows 11. Ku dakata mu yi magana.

Yawancin kwamfutocin shagunanmu na buga takardu gwanjo ne. Windows 11 kuwa sai da TPM 2.0, kuma in Intel ce, galibi sai zubi na 8 zuwa sama. Kuna da dabarar kewaye wannan sharaɗi, mun sani. Amma kamfanin da kansa ya ce bai lamunce wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. Mai shago ya dawo gida, tsohuwar firinta ta ƙi aiki, kwamfuta tana sandarewa, ga masu neman takardu sun yi layi. Gyaran kuma sai an sauke manyan fayiloli, a yankin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Komawa Sakkwato? Kun san halin hanyar nan.

Don Allah ku riƙa gwada firintar mutum kafin ya tafi. Kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ku faɗa masa gaskiya, ku bar masa Windows 10 ɗinsa, ku kwafe masa takardunsa a filashi.

Wassalam.