Porsche: wa ya naɗa bakin Ingilishi alƙali?



Ranar Asabar ɗin da ta wuce, cikin shirinmu na marece, muna karanta labarun duniya sai muka zo kan kamfanin motocin nan na ƙasar Jamus, Porsche. Muka faɗi sunan da gaɓa biyu: Por-she. Ba mu kai ga rufe shirin ba saƙonnin murya suka fara zubowa ta WhatsApp. Wani matashi ya ce mun ba shi kunya, wai "Porsh" ake cewa, haka ya ji a bidiyoyin Amurkawa, kuma wai in ba mu iya ba mu ba waɗanda suka iya wuri. Wasu suka bi bayansa da dariya. Har wani ya ƙara da cewa daman mi za a jira daga masu cewa Marsandi.

Mun yi shiru ƴan kwanaki don kada mu amsa cikin fushi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma aikin radiyo in babu mai gyara maka ka lalace. Amma wanga gyara bai gyaru ba.

Porsche sunan mutum ne. Ferdinand Porsche, injiniya, an haife shi a 1875, ya buɗe ofishinsa a birnin Stuttgart a 1931, ya mutu a 1951. Zuriyarsa na nan da ransu, kuma Por-she suke kiran kansu. A Jamusanci harafin "e" na ƙarshen kalma ba ya mutuwa, ana faɗinsa a taƙaice, kamar cikin "danke", wato na gode. Kamfanin da kansa sai da ya fitar da ɗan gajeren bidiyo yana koya ma mutane faɗin sunan, saboda yawan masu yanke masa wutsiya. Su wa ke yankewa? Masu magana da Ingilishi, don a rubutunsu "e" na ƙarshe yawanci bebe ne, sai suka ɗauki ƙa'idar gidansu suka ɗora ma sunan wani. Kuma kada mu ƴan lakkwal mu yi saurin dariya: Faransawa ma haka suke yi. Duk wanda ya zauna gaban mushe ya sha dikte ya san wannan "e" da ake rubutawa ba a faɗi. Mu ma "Porsh" muka taso muna ji, sai da aiki ya tilasta mu muka bincika.

Abin dariyar shi ne, bakin Bahaushe ya fi kusa da na Bajamushe a nan. Kalmominmu yawanci da wasali suke ƙarewa. Ka ba tsohon da bai taɓa shiga aji ba wannan suna, zai ce Forshe ko Horshe. Harafin farko ya kuɓuce masa, tun da ba mu da "p", amma gaɓa biyun na nan daram. Ɗan Landan kuwa ya riƙe "p" ya zubar da rabin sunan. To wa ya fi wani?

Ku ɗauki Volkswagen. A Jamusanci "v" ana faɗinta kamar "f", ita kuma "w" ana faɗinta kamar "v" ta Faransanci. Folks-vagen kenan, ma'ana motar jama'a, sunan da aka raɗa tun zamanin Hitler, kamfanin kuwa an kafa shi a 1937. Mai Ingilishi ya kalli rubutun ya karanta da idon garinsu, ya ce Volks-wagan. Haruffa biyu, duka biyun ya saɓa. BMW kuma, Jamusawa Be-Em-Ve suke cewa, gaɓa uku cak. Ba'amurke ya ce Bi-Em-Dabulyu. Yaron gareji a Maraɗi da ke ce mata "Be-Em" bai kai ƙarshe ba, amma abin da ya faɗa daidai yake da na masu ita.

Ba mu ce masu Ingilishi sun yi laifi ba. A'a. Kowane harshe in ya karɓi baƙuwar kalma sai ya yi mata wanka ya sa mata tufafin gida. Abin da muke ƙi shi ne ma'auni biyu. Ba'ingile ya lanƙwasa suna, a ce lafazinsa ne. Bahaushe ya lanƙwasa, a ce ƙauyanci ne. Har ta kai ɗanmu na cikinmu ya ɗauko kuskuren wani daga YouTube ya zo yana dukanmu da shi, yana jin ya waye. Laifi tudu ne, amma wanga karon tudun ma aro ne.

Mu koma kan Marsandi, tun da an tsokano ta. Mercedes ba kalmar Jamusanci ba ce. Sunan mata ne na Sifaniyanci, sunan ɗiyar wani ɗan kasuwa, Emil Jellinek, wanda ke sayen motocin Daimler yana sayarwa a kudancin Faransa. An yi rajistar sunan a 1902. Jamusawan da kansu suka murɗa shi suka ce Mertsedes. Faransawa suka ce Mersedes. Masu Ingilishi suka ja tsakiyarsa suka ce Maseidiz. Kowa ya yi yadda bakinsa ya ba shi. Da ta iso tashoshinmu, direbobi suka ce Marsandi, kamar yadda Peugeot ta zama Fijo, Land Rover ta zama Landiroba. Cikin wannan jerin gwano na masu murɗawa, don mi namu kaɗai za a ware a yi ma dariya?

Wani zai ce mi ya yi zafi, ƙasa na fama da tsadar hatsi ku kuna gardama kan sunan motar da ba ɗayanku da zai saya. Gaskiya ne, albashin ɗan radiyo ko tayarta ba zai saya ba. Amma maganar ta wuce mota. Muna da ƙannai da ke zuwa koyon aiki. Mun ga yarinya mai murya kamar ruwa, Hausarta tsaf, aka yi mata irin wannan dariyar sau biyu, daga nan duk sunan waje da ta gani a takarda sai ta tsaya tana murɗa harshe don ta yi kama da wasu. Ƙarshenta ba Bature ya gane ta ba, ba tsohuwar da ke sauraro a ƙauye ta gane ta ba. Kuma ku tuna radiyo ba fage ne na nuna ilimi ba. In aka kawo mana cigiyar motar da aka sace, muka ce farar Marsandi, mai shayi a bakin tasha ya san abin da zai duba. In muka ce Maseidiz, mai mota ya yi asarar kuɗin sanarwarsa.

Ga inda muka tsaya. Sunan da ya riga ya zama ɗan gida, irin Marsandi da Fijo, da shi za mu ci gaba, ba mu neman izinin kowa. Sunan da bai zauna ba tukuna, musamman in sunan mutum ne, za mu je wurin masu shi mu ji, mu kwatanta iya abin da bakinmu zai ɗauka. Wurin masu shi muka ce, ba wurin wani ɗan tsakiya ba. In sunan na Jamus ne Bajamushe za mu saurara, in na Japan ne ɗan Japan. Ingilishi harshe ne babba, muna girmama shi, wasu cikinmu ma darasinsa muke bi da dare. Amma shi ma baƙo ne a Stuttgart, kamar mu.

Kuma ai mun san zafin abin a jikinmu. Maraɗi ta rasa ƙugiyarta a takardun Nasaru ta koma Maradi. Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Sunan ƙasarmu kansa, ku saurari tashoshin Ingilishi: wani ya ce Naija, kamar yana kiran maƙwabta, wani ya kwaikwayi Faransawa. Har yau ba su daidaita ba. Waɗannan ne za mu ɗauka malaman lafazi?

Akwai ɗaya cikin kamfanonin nan da muke ji da sunansa, mu ƴan radiyo. Wanda ya kafa Audi sunansa August Horch. Ya rabu da kamfaninsa na farko, shari'a ta hana shi amfani da sunansa, sai aka fassara shi zuwa Latin a 1910. "Horch" a Jamusanci na nufin saurara, "audi" ma haka. 

Ɗan'uwa mai saƙon murya, ba mu riƙe ka ba. Asabar mai zuwa layi na buɗe kamar kullum, ka kira mu yi ta a gaban jama'a. In labarin kamfanin ya sake faɗowa cikin takardunmu, Por-she za ka ji, gaɓa biyu.